Wanda Ya Fara Ganin Shamuwa

"Ka ga hoton?"

"Wane hoto?"

"Na shamuwa mana. Tun da asuba anka turo shi."

"Daga nan Gwandu?"

"Ina. Daga Kalgo. Malamin nan mai bin tsuntsaye da waya."

"To, namu fa? Bai ce komi ba?"

"Namu shina nan shina duban sama. Kafin shi sauke kai, duniya ta riga ta gani."

"Rage murya. Ga shi can."

Ya ji su sarai. Hamidu yana zaune a ƙarshen bencin mai shayi, ya ba su baya, yana hura kofin da ya riga ya huce. Bai waiwaya ba. Ya shanye, ya ajiye kofin a hankali, ya ɗauki kekensa ya tura shi da hannu har ya sha kwana, sannan ya hau.

Manomi ne, shekarunsa sun haura sittin. Gonarsa tana kan hanyar Dodoru, gero da dawa da damina, albasa da rani. Ba shi da sarauta, ba ya limanci, ko a taron unguwa ba a cika neman bakinsa ba. Abu ɗaya ne nasa, kuma ya gaje shi daga mahaifinsa: shi ke faɗa wa mutane lokacin da shamuwa ta sauka.

A bakin gonar akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke sheƙa a kanta kowace shekara. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya hana mutane barcin rana, Hamidu kan idar da sallar asuba ya tafi ƙarƙashinta ya zauna. Mahaifinsa ya koya masa cewa ba kowace shamuwa ake kulawa ba. Wadda ta gilma ta wuce baƙuwa ce. Wadda ta sauka ta huta ta tashi, ita ma ba a gina magana a kanta. Sai ranar da ka ga ta taho da tsinke a baki, ta ɗora a reshe, to ta amince da shekarar, ruwa ya kusa. Ranar Hamidu kan tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar ya ce kalma uku: "Ta ɗauki tsinke." Daga nan sai a buɗe rumbuna a fito da iri, masu ƙarfin hali su fara binne, wato su shuka a busasshiyar ƙasa irin ya kwanta ya jira ruwan farko. Ba a ba shi komai. Amma idan gero ya nuna, tumu kan riƙa shigowa gidansa daga gidajen da bai ma san sun ji maganarsa ba, matarsa Indo ta gasa, ya ci yana murmushi shi kaɗai. Shekara talatin da ɗoriya ana haka.

Malamin Kalgo da masu shan shayi suka ambata kuwa ba baƙo ba ne. Abdulbaƙi ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa da aka kai aure Kalgo. Tun suna yara kowane ke kiran ɗan'uwansa bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Ya yi koyarwa a firamare har ya yi ritaya, 'yarsa ta aiko masa da babbar waya, sai ya shiga bin fadama da safe yana ɗaukar hoton duk abin da ya motsa: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya a kan ruwa, furen bado yana buɗewa. Yana turawa a wani guruf, wato zauren hira na waya, na manoman Gwandu da Kalgo. Abin da ya fi ci wa Hamidu rai shi ne, shi da bakinsa ya nuna wa Abdulbaƙi bambancin shamuwa da zalɓe, lokacin da ake kawo shi hutu Gwandu da gajeren wando.

Da yamma ƙaramar wayarsa ta yi ƙara.

"Bawana, an ce kana can ƙarƙashin tsamiya. In turo ma tabarma?"

"Wadda kat turo musu tana da tsinke a baki?"

"Tana da fukafukai biyu da ƙafa biyu. Mi kaka so kuma?"

"Baƙuwa ce. Wucewa takai."

"To, ka ɗauko taka mu gani."

"Ni ba hoto nika ba mutane ba. Magana nika ba su."

"Allah shi ƙara wa maganar albarka," in ji Abdulbaƙi yana dariya. "Sai dai mutanen yanzu da ido suka ji."

Kwana tara bayan haka shamuwa ta ɗauki tsinke. Hamidu ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi kalmominsa uku. Wani ya ce, "Ai mun gani tun makon jiya," yana neman takalminsa. A kakar shekarar tumu bai fi daga gida huɗu ba.

Da rani ya kama, ya sayar da tunkiya ya sayi waya mai kyamara. Ya ce wa Indo saboda cinikin albasa ne. Indo ta ce to, ba ta ƙara ba.

Hotunansa na farko abin tausayi ne. A wani babban yatsansa ya cinye rabin sama. A wani tsuntsun ya zama ɗigon baƙi kamar ƙuda a kan nono. Idan ya jawo hoton da yatsu biyu don ya matso, sai komai ya dagule kamar kunu. Ya san wanda zai gyara masa cikin rabin sa'a, amma da ya tambayi Abdulbaƙi gara ya jefa wayar rijiya. Sai ya samo wata hanya. An saka shi a guruf ɗin, kuma Abdulbaƙi, da yake malami ne har a jini, ba ya iya ganin mummunan hoto ya yi shiru. Yakan aika saƙon murya yana gyara wa mutane. Hamidu ba ya cewa uffan a guruf. Sai ya je gona, ya duba gabas da yamma, ya kara wayar a kunne.

"Alhaji, ka ba rana baya, kada ka fuskance ta."

"Ka shafe idon kyamarar da bakin rigarka, maiƙon ƙosai ne nika gani."

"Kada ka jawo da yatsu. Ka matsa da ƙafarka, sannu sannu, kuma ka bar farar riga gida."

"Ka taɓa tsuntsun a fuskar wayar shi fito sosai, ka riƙe numfashi, sannan ka danna."

Hamidu yakan ja tsaki bayan kowane saƙo, ya ce ji shi kamar shi ya ƙera tsuntsun, sannan ya yi daidai yadda aka ce. Ya ƙara da nasa: yakan kafa sungumi a ƙasa ya ɗora wayar a kan ƙotar don hannunsa ya daina rawa. Ya gwada da balbela a bayan shanu, da kurciya a bakin rijiyar lambu. Kuma akwai abin da ya fi Abdulbaƙi: ya iya zama. Tsuntsu kan manta da shi.

A bazarar da ta biyo ya samu hoton. Rana ta ɗan ɗago a bayansa, shamuwa ta sauka a babban reshen tsamiyar da ya miƙa wajen hanya, tsinke a bakinta, farin cikinta yana ɗaukar haske. Ya danna sau ɗaya. Da ya duba, har zaren ƙarshen tsinken ana gani. Ya buɗe guruf don ya tura, sai ya tarar Abdulbaƙi ya riga shi da kwana biyu, kuma a wannan karon tasa ma da tsinke, domin ya ji gorin bara ya kiyaye. A ƙarƙashin hoton mutane sun jera yabo, har da mutanen unguwar Hamidu, har da wanda suke sahu ɗaya a masallaci.

Bai tura ba. Ba zai zama na biyu a abin da ya gada ba. Hoton ya zauna a wayar, shi kaɗai yake buɗewa ya kalla, ko Indo bai nuna wa ba.

A watan Agusta na shekarar aka yi wata iska da ta karya wannan babban reshen ya faɗo gefen hanya. Hamidu ya sassare shi, da yake itacen ya yi yawa sai ya bar wa Delu. Delu maƙwabciyar gonarsa ce, dattijuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajensu, ita ke noma ɗan filinta da hannunta.

Bana ne abin ya kai maƙura. Wata ƙungiyar manoma ta buga kalanda da hotunan Abdulbaƙi, da sunansa a ƙasa. Kalandar ta bi Hamidu duk inda ya shiga: a rumfar mai shayi, a shagon tela, a wajen mai gyaran keke. Wata rana ya dawo gida ya tarar da ita rataye a ɗakin Indo.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ɗan'uwanka ya aiko. Ka ga zalɓen nan, kamar shi yi magana."

"Ƙafarsa ɗaya ta yanke a hoton."

"A cikin ruwa take, Malam."

Sai ga saƙon murya a guruf, kowa yana ji: "Jama'a, bazara ta kama. Ina nan na share idon wayata. A gaya wa bawana na Gwandu shi huta, bana ma na ɗauke mai aikin." Aka yi ta turo fuskokin dariya. Wasan taubasai ne, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ya saurari saƙon sau shida.

Ranar wata Talata ya je tsamiya da asuba bai ga komai ba. Amma gabas ta ɗan yi duhu, iska tana ɗauke da wani sanyi-sanyi. Ya zauna yana kallon hoton bara. Ya ce a ransa, ai tana hanya. Yau ko gobe, ko jibi. Hoton nasa ne, tsamiyar tasa ce, tsuntsuwar ma ita ce dai za ta dawo. Ya danna, ya rubuta a ƙasa: Ta ɗauki tsinke. Gwandu, hanyar Dodoru.

Kafin ya isa gida wayar ta yi zafi. Wani ya rubuta cewa gado ba ƙarya ba ne. Wani ya ce wannan ya fi na kalanda. A rumfar mai shayi aka matsa masa tsakiyar benci. Masu son su je su gani da idonsu ya ce musu su bari tukuna, sabuwar sauka ce, hayaniya na iya korar ta. Ya daɗe bai ji daɗin shayi kamar na ranar ba.

Abdulbaƙi ya kira da hantsi, babu dariya a muryarsa.

"Hoton ya yi kyau, Hamidu. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba."

"Ka dai faɗi gaskiya yau."

"Yau kaɗ ɗauka?"

"Yau."

"Nan Kalgo ko gilmawarta ban gani ba. To. Allah shi kawo ruwa."

Washegari da ya isa gona ya hango Delu a filinta, tana sara da sungumi, tana jefa iri daga ƙwarya, tana rufewa da diddige. Irin geron mijinta ne, wanda take zaɓar zangarniyarsa kowace kaka ta rataye daban. Hamidu ya jingine keke ya tsaya a kan iyaka.

"Yaya Delu, da kin ɗan jira kwana biyu."

"In jira mi? Ba kai kac ce ta ɗauki tsinke ba?"

"Na ce. Sai dai binne, kin san halinsa."

"Shekara talatin ban taɓa jiran kowa ba bayan maganarka. Ni ban da waya, ban san na Kalgo ba. Kai nas sani." Ta sara wani ramin. "Matsa, kana tsaye kan layina."

Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da ita. Ya buɗe baki, sai ya tuna tsakiyar benci. Ya matsa daga kan layin.

Kwana uku bayan haka aka yi yayyafi, irin wanda manomi ya fi tsoro: ya isa ya tayar da iri, bai isa ya raya shi ba. Geron Delu ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta washe. Mako ɗaya, mako biyu, har aka shiga na uku. Hamidu yana wucewa kullum da asuba yana ganin tsiron yana nannaɗewa, yana yin fari, yana kwanciya. Tsamiya kuwa babu ko inuwar shamuwa.

Asirin ya tonu a wani gidan suna. Indo, wadda ta ari wayar don ta ɗauki hoton jaririya, ta buɗe hoton shamuwar tana nuna wa mata, tana cewa ku ga aikin Malam. Wayar ta zaga hannu hannu har ta iso ga Delu. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta ta, ta daɗe tana kallo.

"Indo, wanga hoton yaushe anka ce an ɗauke shi?"

"Watan nan mana. Ranar da Malam ya yi shela."

"Wanga reshen da take tsaye a kai," in ji Delu, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ni na yi tuwo da shi. Wata uku ina hura wuta da shi. Tokarsa ma na zuba ta a gona."

Kafin la'asar maganar ta fita daga gidan suna ta shiga kasuwa. Kafin magariba ta isa Kalgo. A guruf ba wanda ya zage shi, abin da ya fi zagi suka yi: wani ya je ya ɗauko hoton tsamiyar yadda take yanzu, da dungun reshen, ya tura ba tare da ya rubuta komai ba. Indo ta ajiye masa wayar a kan tabarma, ta ce, "A gaban mata, Malam. Da bakina nika yabonka," ta shige ɗaki.

Ya jira kiran Abdulbaƙi, ya shirya wa gorin da zai biyo. Kiran bai zo ba. Wannan ma ya ƙona masa rai, domin ya gane tausayinsa ake ji.

Da safe ya buɗe rumbu ya auno rabin irinsa, ya ɗaura a bayan keke ya kai gidan Delu. Ta buɗe buhun, ta ɗebo a tafin hannu ta duba.

"Ba irin na mijina ba ne."

"Na sani."

"Wancan ya tafi ke nan." Ta ɗaure bakin buhun. "Irin zan amsa, don ba ni da wani. Maganarka ce ba ni ƙara amsa. In na Kalgo ya gani, a zo a gaya mini."

Bai daina zuwa tsamiya ba. Ba don kowa ba yanzu, ƙafarsa ce ta saba. Kwana biyar bayan haka, rana ta fara ɗagowa a bayansa, sai ya ji fiffikar da ya sani tun yana yaro. Ta kewaya sau biyu ta sauka a wani reshe sama da dungun, da tsinke a baki. Ta ajiye, ta tashi, ta dawo da wani. Can ga shamuwa ta biyu. Gabas ta yi nauyi, kuma wannan karon ba shi ne yake lallashin kansa ba.

Ya shafe idon kyamara da bakin riga, ya kafa sungumi, ya riƙe numfashi. Hoton ya fito da tsuntsuwar da dungun reshen duka a ciki. Ya tura, ya rubuta kalmominsa uku.

Ya ga alamar mutane suna buɗewa, ɗaya bayan ɗaya. Can wani ya rubuta: "Ta wace shekara ce wagga?" Wani ya amsa: "Mu dai jira Malam Abdulbaƙi."

Ruwa bai fi 'yan kwanaki ba, Hamidu ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Rumbuna suna rufe. Buhun da ya kai wa Delu yana nan ɗaure a bayan ƙofarta, kuma ba za ta kwance shi ba sai na Kalgo ya gani. A Kalgo kuwa, ga dukkan alamu, ba ta sauka ba tukuna. A karon farko cikin shekara uku ya riga taubashinsa da gaske, kuma babu mai saye.

Ya daɗe yana kallon lambar Abdulbaƙi kafin ya danna. Ƙara ɗaya aka ɗauka, kamar ana jira.

"Na ga hoton," in ji Abdulbaƙi.

"Na yau ne."

"Na sani. Ga dungun nan. Kuma wa ya koya ma ba rana baya, bawana?"

"Ba wanda ya koya mini."

"Haka ne. Daga sama kaj ji."

Hamidu ya ɗaga kai. A sama shamuwar ta sake dawowa da wani tsinken, tana gyara shi da baki.

"Abdulbaƙi, ka bar wasa. Ka shigo mota yanzu ka taho, tana nan tana aiki har rana ta take. Ka ɗauke ta da taka wayar, ka tura musu, sannan mu biya ka gaya wa Delu da bakinka. Amma don Allah, in za ka rubuta a ƙasa, ka rubuta ni na fara ganinta."